Tambaya da Amsa: Me ya sa duk saƙon da na tura na kasuwanci sai an kira ni an ce ba a gane ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni mutumin Wurno ne amma cikin Sakkwato nike zaune, ni ka riƙe ma baffana wayar kasuwa. Albasa muke lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, wani lokaci kuma muna da masu saye daga Konni ta Jamhuriyar Nijar. Matsalata duk mesej ɗin da na tura sai an kira ni an ce ba a gane ba, satin da ya wuce har rigima anka yi kan kuɗin mota. Ga abin da na rubuta ma dilanmu: "Salam Alhaji ya aiki ya iyali Allah ya ƙara girma dama batun kayan nan ne an yi magana da shi yace in Allah ya yarda za a taso gobe ko jibi sai a ba shi sauran in ya iso kamar yadda aka saba nagode." Malam mi ne laifin wanga saƙo? Kuma ko sai na koma rubutu da Turanci sannan za a riƙa ganewa?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma kasuwa albarka, ya ƙara ma baffa lafiya. Na ji daɗi da ka turo saƙon yadda ka rubuta shi ba ka gyara ba, don da shi za mu yi aiki.

Hausarka lafiya lau take, ladabinka ma ya kai. Abin da ya faru shi ne kai da kake rubutun kana da labarin duka a cikin kanka, Alhajin Legas kuwa ba shi da shi, abin da ke kan waya kawai yake gani. Toh ka ɗauki kanka a matsayinsa, yana tsaye cikin hayaniyar kasuwa, ana ta kiransa, kuma ƙila motocin albasa uku ke kan hanya zuwa wurinsa, wata daga Aliero wata daga Goronyo ga taku. Sai ya ga "kayan nan". Wanne daga ciki? "An yi magana da shi", wa ya yi maganar, kai ko baffa, kuma shi ɗin wane ne, direba ko mai mota ko ɗan kamasho? "Gobe ko jibi" kuma in bai buɗe data ba sai bayan kwana biyu, gobenka ta riga ta zama jiyansa. Sai babbar masifar, "sauran" da "kamar yadda aka saba". Wallahi nan rigimarku ta fito, don abin da kuka saba lokacin da man gas ke da sauƙi ba shi ne na yanzu ba, direba na da nasa lissafi, Alhaji na da nasa, kai ma kana da naka, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Ga yadda zan so ka rubuta shi, alƙaluman na misali ne kawai ka sa naku:

"Salam Alhaji, ina gaisuwa, ya kasuwa ya iyali.
Mun loda jar albasa babban buhu 250 yau Talata 11 ga Maris.
Motar za ta tashi daga Sakkwato gobe Laraba 12 ga Maris bayan Asuba in sha Allah.
Kuɗin mota duka N1,200,000. Mun ba direba N700,000.
Kai za ka cika masa N500,000, dubu ɗari biyar, bayan ya sauke kaya.
Lambar mota da lambar wayar direba suna ƙasa.
Don Allah ka amsa min da 'na gani' kafin Isha'i."

Ka lura bai fi naka tsawo sosai ba, kuma babu kalmar da yaron shago bai sani ba a ciki. Kowace jimla batu ɗaya ta ɗauka, ta faɗi wanda ya yi ko zai yi, abin da zai yi, nawa, yaushe. In ka cusa albasa da tafarnuwa da tattasai cikin buhu guda, mai saye sai ya zazzage ya zauna tsinta, haka jimlar da aka cusa ma batu huɗu take ga mai karatu. Da ka ji ka fara sa "kuma", "sannan", "dama", "shi ne" a jere, tsaya ka sa aya ka sauka layi na gaba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan kan "an" da "za a", don su ne ciwon da na fi gani a rubutun mutanenmu, daga ɗan kasuwa har ma'aikacin ofis. Mu mutane ne masu kara, an tarbiyyantar da mu kada mu dubi babba mu ce "kai za ka biya", sai mu zagaya mu ce "sai a biya". A zaure wannan kyakkyawar ɗabi'a ce kuma tana aiki, saboda ana ganin fuskarka, ana ganin wanda ka kalla, in ba a gane ba nan take za a tambaya. A rubuce babu fuska babu ido. "Za a turo kuɗin" jimla ce da kowa zai karanta ya ɗauka ɗayan ake nufi, ranar da abu ya lalace kuma babu wanda za a kama. Sau da yawa ma mai son zillewa da gangan yake amfani da ita. Kai da ba zillewa kake so ba, ka sa mai aikin a farkon jimla: ni zan turo, baffa ya amince, direba ya karɓa, Alhaji kai za ka cika. In kana jin nauyin "kai" ga babban mutum, ce "ku", ko ka ce "Alhaji ne zai cika masa", girmamawa ta samu kuma magana ta fito. Haka "shi" da "ita" da "su", in mutum biyu ke cikin zancen ka maimaita suna ko muƙami ko da ya yi kamar ka cika nanatawa. A maganar kuɗi nanatawa ba aibi ba ce.

In sha Allah kuma kar ka cire shi, amma ka haɗa shi da rana. "In sha Allah ran Laraba" alkawari ne na Musulmi. "In sha Allah nan ba da jimawa ba" kuwa babu wanda zai iya shirya 'yan dako ko wurin sauke kaya da shi, alhali mota za ta ci wajen kilomita 1000 kafin ta isa Legas kuma albasa ba ta son zama cikin mota ana zafi.

Gaisuwa ma kar wani ya ce maka ka daina, wai zamani ya wuce ta. Saƙon da ya faɗo ma dattijo babu sallama ya ɓata ciniki tun kafin a karanta shi. Abin da nake cewa shi ne ka ba ta layinta ita kaɗai, ka gama ta, sannan ka shiga batu. Kuma wannan ba koyarwar Turawa ba ce, garin nan ya san rubutun wasiƙa tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Wazirinsa Giɗaɗo, gidan Waziri shi ne ke riƙe da wasiƙun daula, har lokacin da Turawa suka shigo a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Tsarinsu sananne ne: bisimilla, daga wane zuwa ga wane, sallama, sai "bayan haka", sai buƙata kai tsaye, galibi a taƙaice. Ladabi da wurinsa, batu da wurinsa. In ka samu lokaci ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, yana da kyau ɗan Sakkwato mai riƙe alƙalami ya san abin da aka bari a wurin.

Sai lamba. Babban kuɗi ka rubuta shi da alƙaluma sannan da kalmomi, yadda ake yi a cak na banki, don sifiri ɗaya in ya ɓace ko ya ƙaru an shiga uku. Sa waƙafi tsakanin sifirai. Lambar akawun lamba 10 ce, ƙirga ta kafin ka tura, ka sa sunan banki da sunan da zai fito, kuma ka tura ta ita kaɗai a saƙo daban don a iya kwafa. "Buhu" kaɗai bai isa ba tunda akwai babba akwai ƙarami, haka "mota" ko tirela ce ko ƙaramar mota. Mutanenku na Konni kuwa dole ka ce naira ko sefa kowane lokaci, kuma ka yi hattara da lissafin baki: jikka a wurinsu sefa 1000 ce, dala sefa 5, alhali tsofaffin 'yan kasuwarmu na nan jaka naira 200 suka sani. Kwanan wata ka rubuta sunan watan da sunan ranar, kar ka sa 3/4, don in wata rana ka yi hulɗa da mutanen Amurka su wata suke fara sawa kafin rana.

Na san abin da ke hana da yawa yin haka, tsoron kada a ce ba ka yarda da mutum ba, shekara da shekaru ana tare yau ka zo kana rubuta masa lissafi dalla-dalla. Ƙanena gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, a rubuta shi da ajalinsa sananne, ƙarami ne ko babba, a kafa shaidu. Ga dokar ƙasa kuma, Dokar Shaida ta 2011 sashe na 84 ta buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta da waya a kotu in an cika sharuɗɗa. Ba fata muke ba, amma saƙon da ya ce "sauran kamar yadda aka saba" ko gaban shugabannin kasuwa aka kai shi ba zai raba gardama ba.

Batun Turanci, a'a. Wanda ya iya tsara magana da Hausa zai tsara ta da kowane harshe, wanda bai iya ba kuwa in ya koma Turanci rikici biyu ya haɗa. Rubuta ma mutum da harshen da ya fi ganewa, Alhajin Mile 12 Bahaushe ne, Hausa za ka yi masa. In banki ko kamfani za ka rubuta ma, nan Turanci zai shigo, kuma dabarar ita ce ka fara tsara abin da Hausa a takarda jimla-jimla, sannan ka juya. Kar ka je neman manyan kalmomi don a ce ka yi boko, manajan da ke da takardu hamsin a tebur wanda ya gane da karatu ɗaya shi yake fara sa ma hannu. Kan takardar ya faɗi batun a layi guda, jimlar farko bayan gaisuwa ta faɗi abin da kake so a yi maka, tarihin yadda abin ya faro ya biyo baya. Mu mun saba farowa daga tarihi mu ajiye buƙata can ƙarshe, a takardar ofis juya shi za ka yi.

Saƙon murya na WhatsApp yana da amfani ga wanda karatun boko ya yi masa nauyi, kuma da yawa daga dattawanmu ajami suka iya, amma in kun gama magana ta murya ko ta kira, bi ta da layi uku a rubuce: mun tsaya kan kaza, kuɗi kaza, rana kaza. Neman lamba ɗaya cikin murya mai minti biyar wahala ce. In kuma ta SMS za ka tura, shafi ɗaya harafi 160 yake ɗauka, in ka sa haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ sai ya koma 70, don haka ka taƙaita.

Kafin ka danna tura, miƙa ma wani yaron shago da bai san zancen ba, ka ce ya karanta ya faɗa maka wa zai yi me, nawa, yaushe. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, nan Alhaji ma zai tsaya, gyara wurin. In babu kowa kusa karanta da ƙarfi kai kaɗai, inda numfashinka ya ƙare jimlar ta yi tsawo.

Tunda rigimar kuɗin mota ta riga ta faru, kar ka tsaya bayanin wa ke da laifi a rubuce, wannan baffa ya kira Alhaji su yi ta baki. Bayan sun daidaita sai kai ka rufe da saƙo irin wannan: "Salam Alhaji, mun gode da fahimta. Kamar yadda kuka yi magana da baffa yau, sauran kuɗin direba N kaza ne, Alhaji zai biya kaza, mu za mu biya kaza ran Alhamis in sha Allah. In akwai gyara a wannan lissafi don Allah a sanar da ni yau." Daga lodi na gaba kuma kuɗin mota ya shiga rubuce tun kafin mota ta bar Sakkwato, ka tura ma Alhaji ka tura ma direba saƙo iri ɗaya.