Afdet Ɗin Waya Da Kwamfuta Ya Ƙi Sauka: Tambayoyinku Da Amsoshinsu

Saƙonnin wannan makon yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito, kuma kusan duk a kan matsala ɗaya: waya ko kwamfuta ta ce akwai sabon tsari, an danna, ya fara sauka, sai ya maƙale. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Wayata Tecno ce, kullum tana nuna min in yi afdet. Idan na fara sai ya wuce rabi ya tsaya, ya koma farko. Sau biyu datata tana ƙarewa a banza. Mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. In kai masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai tukuna. Filashin yana goge komai: lambobin mutane, hotuna, saƙonnin murya. Kuma idan ka manta imel da kalmar sirrin Google da aka buɗe wayar da su, bayan gogewar za ta iya kulle kanta ta ce sai ka kawo su. Wayar da ke kira, take shiga WhatsApp, lafiyarta ƙalau. Abin da ke hana afdet sauka yawanci wuri ne, ko sabis, ko caji.

Fara da wuri. Shiga saituna, ka duba ma'ajiyar wayar. Mutane da yawa suna ganin afdet ɗin gigabait 2 ne, su kuma suna da gigabait 2 da ɗan kai, sai su ɗauka ya isa. Bai isa ba. Fayil ɗin a dunƙule yake zuwa, sai waya ta warware shi kafin ta ɗora. Kamar shinkafa ce: inda buhu ya zauna daban, filin da za a shanya ta daban. Shawarata, ka samar da aƙalla ninki biyu na girman da aka nuna maka. Katin memori ba zai cece ka kai tsaye ba, domin a yawancin wayoyi cikin wayar afdet yake sauka. Amfanin katin shi ne ka kwashe kaya zuwa kansa. Babban mai cinye wuri a wayoyinmu WhatsApp ne: bidiyon wa'azi, na biki, na siyasa, wanda guruf uku suka turo maka iri ɗaya. A cikin saitunan WhatsApp akwai sashen ma'ajiya da zai jero maka manyan fayiloli, ka goge abin da ba ka buƙata. Sannan ka leƙa inda Xender ke tara finafinan da aka tura maka a shagon caji.

Sai sabis. Sandunan da ke saman waya ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba saurin intanet ba. Ka dubi harafin da ke gefensu. Idan E ne, kada ma ka fara, ba zai kai ko'ina ba. Idan yana tsalle tsakanin 4G da H da E, nan ne matsalarka: duk sauyin da ya yi saukarwa na iya yankewa, wasu wayoyin su ci gaba daga inda suka tsaya, wasu su jefar da abin da suka sauke su koma farko. Ranar kasuwa ma ba ranar afdet ba ce, ko da ka shiga gari, domin jama'a sun yi wa turken sabis ɗin yawa. Lokacin da ya fi shi ne bayan tsakar dare zuwa asuba, layi ya yi sauƙi, kuma kamfanoni suna da datar dare mai rahusa. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba na son kowa ya riƙa gwaji da datarsa. Ka nemi wurin da 4G ke zama daram, ko da bakin titi ne ko kan dakalin makaranta, ka ajiye wayar wuri ɗaya, kada ka yi yawo da ita.

Caji kuma, ka cika ta kafin ka fara. Yawancin wayoyi ba sa yarda su ɗora sabon tsari idan batir ya yi ƙasa, kuma suna da gaskiya, domin mutuwar waya ana tsakiyar ɗorawa ita ce ke jawo filashin na dole. Ka kashe tsarin tattalin batir, yakan tsayar da aikin da ke gudana a bayan fage.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a yankin Sumaila. Ina da data, WhatsApp da Facebook suna yi, amma afdet ko motsi ba ya yi. Yana tsaye a sifili.

Amsa: Malama, ina kyautata zaton datar soshiyal kika saya. Irin wannan an ware ta ne don WhatsApp da Facebook da makamantansu, ba ta buɗe hanyar da afdet ke bi. Gwada buɗe wani shafi a Chrome. Idan ya ƙi, to amsar ke nan, sai ki sayi data ta gama-gari. Idan ya buɗe, to wayar tana jiran Wi-Fi ne, domin da yawa an saita su kada su sauke babban fayil da datar layi. Duba cikin shafin afdet ɗin ko akwai inda za ki ba ta izini. In babu, ki sa layin a wayar wani a gida, ya buɗe miki hospot, wayarki za ta ɗauke shi a matsayin Wi-Fi. Idan akwai VPN a kunne, wato manhajar da ke karkatar da hanyar intanet, a kashe shi.

Tambaya: Ina da ɗan shagon buga takardu da koya wa yara kwamfuta a Birnin Kudu. Laftof ɗina na hannu ne, Windows 10. Afdet yana kawo lamba 0x80072F8F, wani lokacin kuma ya tsaya cak kwana da kwanaki. Da hospot nake amfani.

Amsa: Ka kyauta da ka rubuto lambar, ita ce rabin aikin. Wannan lambar galibi agogo take nufi. Dubi kwanan watan da ke ƙasan allo ta dama. Kwamfuta ba ta yarda da takardar shaidar tsaro ta Microsoft idan agogonta ya ce ana wata shekara daban. A tsofaffin na'urori akwai ɗan ƙaramin batir a kan allon ciki, sau da yawa mai faɗin kwabo, samfurin CR2032, aikinsa riƙe agogo. Idan ya mutu, kuma babban batirin ma ya gaji, duk sanda janareta ya mutu sai kwanan wata ya koma baya. Ka gyara kwanan wata da lokaci, ka tabbatar yankin lokacin namu ne na Najeriya, wato West Central Africa a jerin Windows, ka sake gwadawa. Idan gobe ya sake ɓacewa, a canja ɗan batirin, ba shi da tsada. Masu gyara a Dutse za su iya, ba sai an je Farm Centre a Kano ba.

In ka ga 0x80070070 kuwa, faifan C, wato ma'ajiyar kwamfutar, shi ne ya cika.

Maganar tsayawa cak tana da dalili biyu. Na farko, idan an yi wa hospot ɗinka alamar layi mai awo, wato Metered connection a saitunan Wi-Fi, Windows zai ƙi sauke yawancin afdet don tausayin datarka. Ni ina son wannan alamar ga mai shago irinka: ka bar ta a kunne da rana don kada kwamfuta ta shanye maka data kana tsakiyar aikin kwastoma, ka kashe ta daren da ka shirya. Microsoft tana fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, saboda haka dare ɗaya a wata ya wadatar.

Na biyu, fayil ɗin da ya sauka rabi ya lalace, kwamfuta kuma tana ta komawa kansa. Fara da mai gano matsala na Windows Update da ke cikin saituna. Idan bai yi ba, buɗe manhajar Services ta Windows, ka tsayar da Windows Update, ka shiga C:\Windows\SoftwareDistribution\Download ka goge abin da ke ciki, sannan ka sake kunna kwamfutar. Wannan ba ya taɓa takardunka. Amma abin da ke cikin wannan jakar kaɗai za ka goge, kada hannu ya zarce. Akwai kuma shafin Microsoft Update Catalog: kowane afdet yana da lamba mai farawa da KB, za ka iya sauke shi a inda sabis ke da kyau, ka kawo a filashi ka ɗora.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0, RAM gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, har da furosesa da ke cikin jerin da suka amince da shi. Idan na'urarka ba ta cika waɗannan ba, ba sabis ne ke hana ta samun Windows 11 ba. Tunda takardun mutane da hotunan katin shaidarsu suna ratsa shagonka, ka fara tanadin kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11.

Tambaya: iPhone ɗina ya ce ba zai iya tabbatar da afdet ba. Daga Kazaure.

Amsa: Shiga saituna, sashen General, sannan iPhone Storage. Za ka ga fayil ɗin iOS, wato afdet ɗin, a jerin, ka goge shi ka sake saukewa a Wi-Fi mai ƙarfi, waya tana jikin caji. In wuri ya yi kaɗan, haɗa ta da kwamfuta mai manhajar iTunes ta Apple, kwamfutar ta sauke ta ɗora mata.

Tambaya: Wayata itel ta ce babu sabon afdet, alhali ta abokina ta samu. An turo wani link a guruf ɗinmu na matasan gari, an ce zai mayar da kowace waya sabon Android. In danna?

Amsa: Ƙanena, kada ka danna, kuma ka roƙi shugaban guruf ya goge shi. Tsarin waya ba ya zuwa ta WhatsApp, ba ya zuwa a fayil ɗin APK, wato irin fayil ɗin da ake ɗora manhaja da shi, ta cikin saituna kaɗai yake zuwa daga kamfanin da ya ƙera wayar. Abin da irin waɗannan manhajoji ke nema shi ne izinin karanta saƙonninka, kuma ta saƙo banki ke turo lambar tabbatarwa. Wanda ke karɓar kuɗin amfanin gona ko yake sana'ar POS da wayar, asarar ba ƙarama ba ce.

Rashin ganin afdet ba lalacewa ba ne. Kamfanoni suna sakinsa kashi-kashi, samfuri-samfuri, wani ya samu yau, wani sai bayan makonni. Ƙananan wayoyi kuma tallafinsu bai cika daɗewa ba. Ko naka ya ƙare, akwai abin da ya rage a hannunka: ka riƙa sabunta manhajojinka ta Play Store, musamman Chrome, WhatsApp da ta banki. Idan wayar Android 10 ce ko sama, duba sashen tsaro a saituna, akwai sabuntawar tsarin Google Play da ke zuwa daga Google kai tsaye, ba ta jiran kamfanin wayar, kuma ba ta da nauyi sosai. In ka riga ka ɗora wancan fayil ɗin da aka turo a guruf, cire shi yanzu, ka canja lambar sirrin bankinka daga wata wayar, sannan ka kira bankin ka sanar da su.