Fatawa: Wanda Barci Ya Ƙaurace Masa, Ƙwayar Barci Da Makarar Asuba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Gusau, amma asalina wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Tun daren da ɓarayin daji suka shigo mana, yau wata tara ke nan, barci ya ƙaurace wa idona. Mun taso da iyali lafiya, alhamdu lillahi, amma in na kwanta sai in yi ta juyi har ƙarfe uku. Ko ƙarar babur na jiyo daga nesa sai gabana ya faɗi. Wani abokina ya kai ni kemis aka ba ni ƙwayar da ake ce wa D5. Da fari guda ɗaya tana isata, yanzu sai biyu, kuma duk ranar da na sha sai rana ta tashe ni, asuba ta wuce. Yayana ya ce aljanu ne ko sammu, wani kuma a majalisa ya ce ƙarancin tawakkali ne. Malam, ƙwayar nan halas ce? Ina da zunubin asubar da nake rasawa? Ko in haƙura da barcin in mayar da daren na nafila?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh. Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya, ya mayar da ku gidajenku cikin aminci.

Bari in fara da maganar mutumin majalisa, don ita ce ta fi yi mini ciwo a cikin wasiƙarka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa wani dare a Madina barci ya ƙi zuwa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya ce ina ma wani mutumin kirki daga cikin sahabbaina ya yi gadina a daren nan. Sai suka ji motsin makami. Ya ce, wane ne? Ashe Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne ya zo gadi. A'isha ta ce daga nan Annabi ya yi barci har suka ji sautin numfashinsa. To wa ya kai shi tawakkali? Amma ga shi rashin tsaro ya hana shi runtsawa, kuma barcin bai zo ba sai da aka samu mai tsayuwa a ƙofa. Alƙur'ani ma ya ɗaure barci da kwanciyar hankali: a Suratul Anfal aya ta 11 Allah ya kira gyangyaɗin da ya lulluɓe mutanen Badar aminci daga gare shi, kuma Abu Ɗalha ya ba da labarin yadda takobi ya riƙa faɗuwa daga hannunsa ranar Uhudu saboda irin wannan gyangyaɗin. Wanda aka ƙwace wa amincin dare da bakin bindiga, ba abin mamaki ba ne barcinsa ya bi amincin. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Mutumin da bai taɓa kwana a cikin dawa da 'ya'yansa yana toshe bakin ƙaramin don kada ya yi kuka ba, ya ji tsoron Allah ya bar auna imanin waɗanda suka kwana.

Abin da ke damunka ciwo ne. Likitoci suna lissafa rashin barci a matsayin ciwon da ya zauna idan ya kai dare uku ko fiye a mako, har tsawon wata uku, yana kuma taɓa wa mutum yininsa. Kai ka ninka wannan. Baligi yana buƙatar kamar sa'a bakwai ko fiye a dare, kuma Allah ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barcinmu hutu. Neman maganin wannan halas ne, har ma abin nema ne, saboda hadisin Usama ɗan Sharik da ke wurin Abu Dawud da Tirmizi: ku nemi magani, ya ku bayin Allah.

Batun aljanu da sammu, ba mu musun samuwarsu. Sai dai ba a jingina ciwo gare su da zato kawai, alhali ga sababi a fili. Ka san daren da abin ya fara, ka san sautin da ke tayar maka da shi. Ka yi wa kanka tofi da abin da ya inganta, wannan alheri ne ko da aljani ko babu. Amma kada yayanka ya ja ka wurin mai duba, a karɓe ɗan abin da ya rage muku bayan wanda ɓarayi suka kwashe.

Yanzu ƙwayar. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Imam Ƙarafi, sun raba abubuwan da ke gusar da hankali gida uku. Akwai muskir, mai sa maye tare da nishaɗi, kamar giya: kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haramun ne, kuma akwai haddi a kansa. Akwai mufsid, wanda ke juya hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Sai murƙid, wanda ke tafiya da hankali da ji gaba ɗaya, ya kwantar da mutum. Waɗannan biyun na ƙarshe ba najasa ba ne, babu haddi a kansu, kuma abin da ya haramta daga cikinsu shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali ba tare da lalura ba. A kan haka ne suka halatta a ba mutum abin da zai kwantar da shi idan za a yi masa aikin tiyata. Ƙwayar barci a wannan babin take. Don haka idan likitan da ya san aikinsa ya duba ka, ya rubuta maka ita da adadi da iyakar kwanaki, shanta halas ne babu karhanci.

Abin da kake yi yanzu kuwa daban ne. D5 ɗin nan diazepam ce, wadda aka fi sani da Valium, kuma ita da danginta irin su Lexotan ba a yi su don sha na wata da watanni ba. Likitoci kan taƙaita su ga makonni biyu zuwa huɗu, saboda jiki yana sabawa da su: abin da guda ɗaya ke yi jiya, yau sai biyu. Kai da bakinka ka faɗi haka. Tana kuma daɗewa a jini, shi ya sa kake wayar gari jiki a mace, ladan na kira ba ka ji. Mutum ya riƙa ƙara wa kansa irin wannan ƙwaya ba da umarnin likita ba, bayan cutarwarta ta bayyana a jikinsa da sallarsa, ban ga halascinsa ba, saboda ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa. Mai kemis ɗin da ke ƙirga maka ita a leda ba tare da takardar likita ba, shi ma yana da nasa kason na alhaki. Mun ga inda wannan hanya ta kai matasanmu da matan aure da maganin tari mai kodin, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018. Wasunsu ba maye suka fita nema ba tun farko, barci suka nema.

Amma ka saurare ni da kyau a nan: kada ka karanta wannan amsa ka watsar da ƙwayar a dare ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da ita, yanke ta kwatsam na iya jawo masa karkarwa, firgici mai tsanani, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Rage ta ake yi sannu a hankali a hannun likita. Ka tafi Asibitin Tarayya da ke nan Gusau da sauran ƙwayar a aljihunka, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha, ka kuma ba da labarin daren nan da ƙarar babur, don a nan tushen yake. In sun ga ya dace su tura ka wurin likitocin ƙwaƙwalwa, ko da asibitin tarayya na Kware ne a jihar Sakkwato, ka je kai tsaye. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Abin da kake sha kafin ka ga likita, da wanda zai tsara maka na ragewa, lalura ce, babu laifi a kanka. Ka bari su auna jininka da sugarka, ka kuma tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai yankewar numfashi, don waɗannan ma suna ɓata barci. Idan kuwa zuciyarka ta taɓa raya maka cewa mutuwa ta fi maka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai: ka gaya wa wani naka, ku tafi asibiti a ranar.

Sai asuba. Annabi ya ce babu sakaci a cikin barci, sakaci yana ga wanda ke farke, kuma wanda ya yi barci ya bar salla ko ya manta ta, ya sallace ta idan ya tuna. A hanyar dawowa daga Khaibar shi da sahabbansa sun makara har rana ta buge su, alhali an sa Bilal gadin alfijir, shi ma barci ya sace shi yana jingine da raƙumarsa. Suka matsa gaba kaɗan, aka yi alwala, aka tayar da iƙama aka yi salla. Malamanmu sun ce wanda ya kwanta kafin shigar lokaci ba ya da laifi idan barci ya zarce da shi. Don haka asubar da ta wuce ka kana barci, ka rama ta da zarar ka farka, kafin shayi, kafin buɗe shago, kuma raka'o'in fajir ana rama su har zuwa zawali a mazhabarmu. In akwai waɗanda ba ka rama ba, ka ƙiyasta su ka biya. Sai dai ka lura cewa Annabi ya ajiye mai tayarwa. Tunda ka san halin da ƙwayar ke sa ka, wajibinka ne ka yi sababi: ka sa maiɗakinka ko maƙwabcin da kuke sahu ɗaya ya ƙwanƙwasa maka, ka kuma gaya wa likita ƙarara cewa kana son abin da ba zai hana ka tashi asuba ba.

Mayar da dare duka na nafila kuwa, a'a. Salmanul Farisi ya hana Abud Darda'i irin wannan, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma Annabi ya gaskata Salman. Ya kuma umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta. Nafilar da za ta ci farilla, ta kuma sa allura ta huda maka yatsa da hantsi, ba ita ake nema ba.

Ga abin da nake ba ka shawara, kuma a nan sunna da likitanci sun haɗu. Barci ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da ake zaune ana dakonsa. In ka kwanta ka ga kamar minti 20 sun wuce ido biyu, kada ka zauna kan shimfiɗa kana duba agogo kana lissafin sa'o'in da suka rage. Tashi ka koma tabarma, ka yi alwala, ka yi raka'a biyu marasa tsawo ko ka ja carbi a cikin duhu-duhu, sai ka ji ido ya yi nauyi sannan ka koma. Manufar ita ce jikinka ya daina ɗaukar gado a matsayin wurin fargaba. Likitocin barci suna fifita irin wannan horon a kan ƙwaya ga wanda ciwonsa ya daɗe, ko da yake makonnin farko da wuya. Sannan ka kafa lokacin tashi guda ɗaya kada ya motsa, kuma Allah ya riga ya ba mu shi: asuba. Ko sa'a uku ka samu, ka tashi, ka fita hasken safiya ya taɓa ka, kada ka koma ramuwar barci har hantsi. Ƙailula sunna ce, amma taka ta zama gajera, kada ta wuce rabin sa'a, kuma kada ta gangara bayan la'asar.

Na san zaman shagon tela. Goro a kunci tun safe, da magariba a aika yaro wurin mai shayi ya haɗo mai kauri da Nescafe. Goro da ganyen shayi da gahawa da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa kan kai kamar sa'a biyar bai bar jiki ba. Goron la'asar yana nan tare da kai a kan filo. Ka tsayar da su daga azahar. Abu na biyu wayarka. Annabi ya kasance yana ƙin barci kafin isha da hira bayanta, kuma hirar zamaninmu a tafin hannu take. Ina roƙonka musamman, hotunan gawarwaki da muryoyin ɓarayi da ake yaɗawa a WhatsApp, kada ka buɗe su da dare. Labarin gida ka tambaye shi da rana, daga bakin mutum.

Addu'o'in kwanciya da suka inganta ka riƙe su: alwala, kwanciya ta gefen dama da addu'ar da Annabi ya koya wa Bara'u ɗan Azib, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafi a shafe jiki sau uku, da tasbihin da ya koya wa Ali da Faɗima, 33 da 33 da 34. Addu'o'i biyu da ake yawan rabawa musamman don rashin barci, wadda ake jingina wa Zaidu ɗan Sabit da ta Khalid ɗan Walid, isnadinsu bai yi ƙarfi ba; Tirmizi da kansa ya faɗi haka game da ta Khalid. Ma'anarsu mai kyau ce, wanda ya roƙi Allah da su bai yi laifi ba, amma kada ya yanke cewa Annabi ya faɗe su. Kuma in ka karanta duk waɗannan barci bai zo a daren ba, kada ka ce an ƙi karɓa. Ladanka ya tabbata, kana cikin tsarin Allah, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa babu wahala ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙayar da ke sukarsa, face Allah ya kankare masa zunubai da ita.

Wannan makon ka fara da asibiti, ka kuma nemi wanda zai tashe ka asubar gobe. Allah ne mafi sani.