Tambaya da Amsa: Me Za a Saya Idan Tsufa Ya Fara Taɓa Iyaye?

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 75. Kwanan nan ta rame, ko buta cike da ruwa ba ta iya ɗagawa da hannu ɗaya. Na ga ana tallar na'urar auna ƙarfin damƙa a intanet. In saya mata? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na'urar ba ta bogi ba ce, likitoci ma na amfani da ita. A ma'aunin da ƙwararrun Turai suka fitar a 2019, damƙar da ta gaza kilo 16 ga mace, ko kilo 27 ga namiji, alamar rauni ce. Sai dai ni ba zan ce ki saya ba. Damƙa ɗaya ce kawai cikin alamomi biyar na raunin tsufa da likita Linda Fried da abokan aikinta na Jami'ar Johns Hopkins suka zayyana a 2001. Sauran su ne rama ba da niyya ba (kamar kilo 4.5 a shekara), yawan gajiya, nawa wajen tafiya, da daina kai-komo. Wanda ya haɗa uku, rauni ya kama shi.

Maganar damƙa kuwa, ai butar ta riga ta ba ki amsa. Abin da ya rage, kujera da agogon wayarki sun isa. Ki auna mita 3 daga kujera a tsakar gida, ki sa alama. Hajiya ta tashi daga kujera, ta taka zuwa alamar, ta juyo ta zauna. Idan ta kai daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗarin faɗuwa. Wata ranar kuma ta harɗe hannu a ƙirji, ta miƙe ta zauna sau biyar. Wuce daƙiƙa 15 na nuna ƙafafu sun yi sanyi. Ki tsaya dab da ita, kada wajen gwaji a samo karaya. Kuɗin na'urar ki sayi sikeli da su, ki riƙa rubuta nauyinta duk wata. Ramar ce ta fi damuna, a kai ta asibiti a binciki dalili, a kuma duba bakinta. Tsofaffi da yawa ba abinci suka ƙi ba, haƙoran tauna nama ne babu. Ƙwai, kifi, alala da nono sun fi yi musu sauƙi.

Tambaya: Babanmu ya fara mantuwa, har raka'o'in salla kan rikice masa. Mun haɗa kuɗi za mu yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Daidai ne? Daga wani bawan Allah a Katsina.

Amsa: Malam, ku dakata da hoton tukuna, likita ne zai ce ko ana buƙatarsa. Da tambayoyi ake farawa. Fitaccen gwajin nan na MMSE, na 1975, maki 30 ne, amma akwai karatu da rubutu da lissafi a ciki. Dattijon da bai yi boko ba kan faɗi, alhali kansa garau. Ku gaya wa likita zurfin karatun Baba, don akwai gwaje-gwaje irin su IDEA, da aka jarraba a Tanzaniya da Ibadan, waɗanda ke tambayar abu kamar sunayen dabbobi nawa mutum zai kawo cikin minti ɗaya. A yi masa da Hausa, kuma kada 'ya'ya su riƙa raɗa masa amsa don kunya.

Ku je da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya. Ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod (wani ƙulli ne a wuya), ciwon damuwa da raunin ji duk kan yi kama da gigin tsufa, kuma suna da magani. Amma idan ruɗewar cikin kwana ɗaya ko biyu ta zo, ko baki ya karkace, wannan ba a kwana da shi a gida.

Tambaya: Sanda ko keken guragu? Kakata tana tafiya, amma da dafa bango.

Amsa: Sanda, mai robar da ba ta santsi a ƙasa. Keke zai zaunar da ita, ƙarfin ƙafar da ya rage ma ya mutu. Tsawon sandar ya tsaya daidai wuyan hannunta idan tana tsaye ta saki hannu, ta kuma riƙe ta a ɓangaren ƙafar da ta fi ƙarfi.