Aikin edita a hukumar harsunan Ghana

Ƙanwata, kin tambaya ko Hausarki ta isa ki samu aikin edita a Bureau of Ghana Languages, nan unguwar Kawukudi a Accra, kusa da mu 'yan Nima. Gaskiya da wuya. Hukumar, wadda aka kafa a 1951, da harsuna 11 take aiki, irin su Dagbani, Gonja, Ga da Ewe, babu Hausa a ciki, abin da ke damuna matuƙa. In kina jin Dagbani, da shi za ki nema.

Aikin kuwa sai mai haƙuri: jan biro a hannu, shafi ɗaya ki karanta sau uku kina farautar waƙafi. Ɓangaren gudanarwa bai dogara da harshen gida ba. Ki leƙa sashen Hausa na GBC, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Ghana, ma.