Amsa kan ƙayyade kiredit na fannin ƙwarewa a jami'o'in Amurka

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa jami'o'in Amurka masu koyar da ilimi mai faɗi suke iyakance kiredit ɗin da sashe zai ɗora wa ɗalibinsa. Lissafi ne tsagwaronsa. Digirin farko yawanci kiredit 120 ne a shekara 4, kuma kowane kiredit yana nufin awa ɗaya a aji da kusan awa biyu na nazari a kowane mako. Idan sashen kimiyyar sinadarai ya kwashe 70, darussan dole na kowa da kowa suka ci 40, abin da ya rage bai wuce kwas uku ba, don haka ɗalibin da ke sha'awar falsafa ko Larabci sai ya haƙura.

Kwalejin Grinnell da ke jihar Iowa, alal misali, ba ta ƙirga fiye da 48 daga sashe guda cikin 124 da take buƙata. A ganina tsarin yana da kyau, domin malamai kan ɗauka cewa kowane kwas nasu wajibi ne. Sai dai injiniyanci yakan samu sassauci, saboda hukumar ABET mai tantance shi tana neman aƙalla kiredit 45 na darussan injiniyanci da 30 na lissafi da kimiyya.