Ƙanƙara bayan ƙwallo: dalilin da ya sa cinya ke saurin komawa ɗumi

Salamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, ka ce in ka dawo daga fili ka ɗora ƙanƙara a cinyarka, da ka cire ba a jimawa wurin ya koma ɗumi, amma ran da ka gurɗe idon sawu a gida sanyin ya daɗe bai sake ka ba. Kana so ka san ko ƙanƙara ba ta kama jikin da ya gaji ne, ko kuwa ka ƙara lokaci. Kada ka ƙara. Na haura shekara goma ina horar da yaran unguwarmu, kuma ni ma wannan abu ya taɓa ruɗa ni.

Tsokar da ke aiki zafi take haifarwa. Daga ƙarfin da jiki ke ƙonawa lokacin gudu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke tafiya ga motsi, sauran duk zafi yake zama. Naman cinya in mutum na zaune yana wajen digiri 35, amma bayan an buga wasa mai tsanani yakan kai 39, wani lokaci har ya wuce. Ga kuma jini da ke kwarara cikinsa ninkin-ba-ninkin, kuma busa usur bai tsayar da shi nan take. Ka ɗauki tukunyar tuwo da aka sauke yanzu daga murhu, ka watsa wa murfin ruwan randa. Murfin zai huce, amma kafin ka je ka ɗauko akushi ya sake ɗaukar zafi, domin tuwon na nan a ciki yana turiri. Fatarka ita ce murfin.

Kwatancen naka ma bai zo daidai ba. Idon sawu ƙashi ne da jijiya, ba shi da naman kirki da zai turo zafi daga ƙasa, shi ya sa ko bayan wasa ya fi cinya daɗewa da sanyi. In gwaji kake so, ka sa wa cinya ɗaya ƙanƙara ranar hutu, ka sake sa mata ranar atisaye, minti iri ɗaya, sannan ka riƙa taɓawa da bayan hannu kana duba agogo. Na yi haka a kaina, kuma bambancin ba ya ɓuya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne: ɗumin da kake ji a fata bayan ka cire ƙanƙara, daga cikin naman yake fitowa. Wato lokacin da fata ke ɗumi, tsokar da ke ƙarƙashinta tana ci gaba da hucewa na wasu mintuna. Wanda ya taɓa fata ya ce ƙanƙara ba ta yi aiki ba, ya karanta abin a baibai. Kitse ma yana da nasa hannu. Mai tsaron ragarmu mai ƙiba ne, fatarsa takan yi sanyi ƙalau amma sanyin bai cika ratsa shi zuwa ciki ba, alhali siririn yaro ɗan gefe nan da nan yake jin sa har ƙashi. Da hunturu kuma sai ka ga akasin abin da kake zato: yaro ya fito daga fili fatarsa sanyi saboda iska ta busar da gumi, cinyar kuwa tana ci kamar garwashi daga ciki.

Wani yarona ya yi irin tunaninka. Ya ga wurin na saurin ɗumi, sai ya ɗaure daskararren ruwan leda biyu a cinya da bandeji, ba ƙyalle a tsakani, ya zauna kallon wasa a waya har ya manta. Da ya kwance bandejin, wurin ya yi fari ya ƙandare, washegari ya ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta. Mako biyu bai sa takalmi ba, tabon kuma yana nan. Fata in ta sauka ƙasa da digiri 15 takan fara mutuwar ji, don haka ba za ta gaya maka ta ƙone ba.

Yadda muke yi yanzu: ƙyalle mai ɗan laima a tsakani, minti 15 zuwa 20, a cire, kuma ba a maimaitawa sai bayan awa ɗaya ko biyu ko da fatar ta koma yadda take. Wanda aka sa wa ƙanƙara ba ya komawa fili nan take, saboda sanyi ya rufe masa ciwon ne kawai, ya kuma rage wa jijiya hanzari. Mai sikila ba na sa masa ko kaɗan, sanyi na tayar da ciwon. Haka mai ciwon suga da ƙafarsa ta rage ji.

In kuwa gajiya ce zalla, ba bugu ba kumburi, ni ban ga dolen ƙanƙara ba. Likitan nan na Amurka, Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Masu ɗaga ƙarfe ma an gano cewa yawan shiga ruwan sanyi bayan kowane atisaye yana rage musu girman tsoka. Yarana in sun gaji, zagayen fili biyu a hankali nake sa su, su sha ruwa, su ci abinci, su yi barci da wuri. Kular ƙanƙarar tana gefe tana jiran wanda aka yi wa keta a ƙwauri.