Yaya, Ga Dalilin Da Ya Sa Na Mayar Da Kifin Nan Ruwa

Yaya, barka da war haka. Saƙonka ya iso, sau biyu na saurare shi saboda dariyar da ka yi a ƙarshe. Ka ce ka gan ni a hoto riƙe da kifi tafkeke, aka kuma ce maka na mayar da shi ruwa, shi ne kake tambaya ko zaman Amurka ne ya taɓa ni, tunda jikan masunta ba ya wasa da abin miya. Ba kai kaɗai ke faɗin haka ba, bari in warware maka.

Abin da muke ce wa bazara a nan jihar Mishigan ba bazarar Yawuri ba ce. A can zafi ne, ruwa ya ja baya, kifi ya taru a gurbi. A nan kuwa ƙanƙara ce ke narkewa a Maris da Afrilu, koguna su cika, ruwan ya gurɓace, sanyinsa har cikin ƙashi. Ranar da na fara yin alwala da ruwan kogin Osabul, sai da yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. A irin wannan ruwa kifin tirawut ke zama. Ya fi kuzari idan ruwa na tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyos, amma farkon bazara lafewa yake yi a ƙasa, ko ka kai masa tana bakinsa sai ya ga dama. Shi ya sa sammakon da muka gada ba ya aiki a nan, sai rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi. Yawancin ƙananan koguna a rufe suke har Asabar ta ƙarshe a Afrilu, kuma ranar buɗewa mutanen nan ji suke kamar Sallah. Duk wanda ya kai shekara 17 sai da lasisi. Taru da birgi kuwa, wajen kamun tirawut ka manta da su, fatsa ce kawai. A wani yanki na Osabul kusa da garin Gireylin ma ko tana ba a yarda ba, sai ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa da gashin kaza da zare a jikin ƙugiya, abin da ka kama kuma dole ka sake shi. Wani abin dariya, tirawut mai ruwan ƙasa daga Jamus aka kawo shi jihar nan a 1884. Baƙo ne kamar ni, amma shi babu mai tambayarsa yaushe zai koma gida.

Na cikin hoton ba tirawut ba ne, bas ne, a tafkin Sen Kilea kusa da Ditroyit na kama shi cikin watan Mayu. Lokacin ne ruwa ke kaiwa digiri 15 zuwa 18, namijin ya matso bakin gaɓa ya share tsakuwa da wutsiyarsa ya yi gurbi kamar faifai. Macen ta zuba ƙwai ta tafi abinta, shi ya tsaya gadi. Duk abin da ya gitta sai ya kai masa cafka, don haka kama shi ba gwaninta ba ce. Idan ka ɗauke shi, kafin ka juya ƙananan kifaye sun wawushe ƙwan. Doka ta ce a wancan tafkin ba a tafiya da bas gida sai Asabar ta uku a Yuni, kuma sai ya kai inci 14, guda 5 kacal a rana. Ka ga ko ina so babu hali. Gaskiyar magana kuma, da na ga gurbin nan a ƙarƙashin kwale-kwale, ban so ba.

Kar ka ce min al'adar Turawa ce. Me ya sa ake hana su a Matan Fada har sai ranar bikin Argungu? Kuma kai ka fi ni tunawa da Kaka yana tsince 'yan ƙananan karfasa daga koma yana jefawa ruwa, mu muna ƙunƙuni.

Na san inda zancenka ya dosa, ba kifin ba ne. Wanda ya ɗauki hoton ne, surukina. An ce maka ina shiga jirgi ɗaya da uban matata, har mu ci abinci tare, wai kunya ta ƙare. Yaya, shekarar farko ko idonsa ba na iya kallo, har ya tambayi 'yarsa ko fushi nake da shi. A wajensu, idan dattijo ya kai ka wurin da yake kamun kifi tun yana yaro, ya karɓe ka ke nan. In ƙi zuwa? Yanzu shi ke duba agogo ya ce min lokacin Azahar ya yi, ya kai mu gaɓa, ya zauna nesa har in idar. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, Baba nake ce masa, ya kuma saba.

Yaran, ban ɓoye maka ba, Hausarsu da sauƙi-sauƙi, abin yana damuna. Amma babbar ta san fatsa, ta san ƙugiya, ta san giwan ruwa ko da ba ta taɓa ganinsa ba. Mu 'yan gida da ke nan, da na Nijar da 'yan Zangon Kumasi, idan Yuni ta yi mukan haɗu a bakin tafki, a soya abin da doka ta ba mu, a barbaɗa yaji. Sai dai duk daɗin tirawut, bai kama ƙafar busasshiyar tarwada a miyar kuka ba. Idan kana da mai zuwa, a haɗo min da yajin Inna, wanda ka aiko bara tuni ya ƙare, rabinsa ma Baba ne ya cinye.